Tebur Ɗaya da Suruki

Tun ranar Laraba da yamma Hammadu ya ɗaure cikinsa. Matarsa Asta ta kawo tuwo, ya ce a ba yara. Da safe ta dama fura har da nono mai kauri, ya kawar da kai. Ta ce, "Azumi kake yi ba ka faɗa ba?" Ya ce, "Wuri nake tanada."

Wurin kuwa na nama ne. Akwai wani ɗan Kura, Mudassiru, da aka taɓa turawa Japan kwas ɗin noman shinkafa. Shinkafar dai ba mu ga abin da ya canza mata ba, amma ya dawo da wata dabara: ya buɗe gidan cin nama a bakin titi, kowane tebur an huda tsakiyarsa an zaunar da kaskon garwashi da raga a kai. A kawo maka ɗanyen nama an yanka shi fale-fale, ka gasa abinka da hannunka, ka ci, a ƙaro, ka ci, a ƙaro. Sharaɗi biyu ne kacal: awa ɗaya cif, kuma ko tsoka guda ba a fita da ita. A ranin 2006 ƙungiyar manoma ta gama yashe kanal ɗin ban-ruwa, sai ta ce duk wanda ya shiga taɓo za a kai shi can. Hammadu kwana huɗu ya yi a ciki har cinya, matsattsaku na shan jininsa.

Kada ka ga mutum da shanu ka ɗauka nama yake ci. Hammadu na da garke daidai gwargwado a bayan Bunkure, ga gonar tumatir, amma rabonsa da nama mai sunan nama tun Babbar Sallah. Wa zai yanka saniyarsa don kwaɗayi?

Bayan azahar suka shiga shi da Datti, maƙwabcin gonarsa, mutum mai bakin tsiya da cikin da ba ya jin kira. Mudassiru ya nuna agogon bango ya ce daga biyu da rabi zuwa uku da rabi. Aka dire tire. Hammadu ya jera yanka biyar a raga, kitse ya fara ɗiga a garwashi yana ƙara, ƙamshi ya doke shi har idonsa ya kawo ruwa. Ya ɗauki na farko, ya hura, ya kai shi daidai haɓa.

"Salamu alaikum."

Ko bai waiwaya ba ya san muryar. Jaji ne, mahaifin Asta. Ashe shugaban ƙungiya ya gayyace shi, don shi ya sasanta manoma da makiyaya kan inda shanu za su riƙa shan ruwa. Kuma duk faɗin ɗakin nan kujera ɗaya ce ta rage, wadda ke kallon Hammadu ido da ido.

Innalillahi! Shekara tara da auren nan, tsohon bai taɓa ganin muƙamuƙin Hammadu yana motsi ba. A Fulaninsu mutum ba ya cin abinci a gaban surukinsa, ko ruwa ne sai ya koma bayan bukka. Wanda ya yi, har jikokinsa sai an yi musu gori. Hammadu ya zame daga kujera ya durƙusa ya yi gaisuwa, naman na ƙona masa yatsu. Da ya tashi sai ya ajiye shi a farantin tsohon.

"Bismillah, Baffa."

"Alhamdu lillahi, na ci a gida," in ji Jaji, ya jingine sandarsa, ya kafa wa bango ido.

Naman ya zauna a faranti yana hucewa. Datti ya duba hagu ya duba dama, ya ce zunubi ne a bar abinci ya wulaƙanta, ya ɗauke.

Daga nan fa azaba ta fara. Hannun Hammadu ya rasa abin yi, sai ya koma juya nama, Datti na kwashewa. Ya gasa tsoka, Datti ya kwashe. Ya gasa hanta, Datti ya dangwala a wani baƙin romo mai zaƙi-zaƙi ya lumshe ido. Ya matso da bakinsa mai maiƙo kusa da kunnen Hammadu ya ce, "Kai, ci mana! Yau a Japan muke, can babu surukuta." Hammadu ya take masa ƙafa da duk ƙarfinsa, Datti bai ma fasa tauna ba. Hammadu ya leƙa sauran teburan, ko'ina a cike. Ko da ma akwai wuri, ka tashi daga zaman surukinka ka koma wani tebur ka buɗe baki? Ai gara ka ci a gabansa.

Mudassiru ya zo wucewa yana tafa hannu. "Saura rabin awa, jama'a! A'a, Malam Hammadu, farantinka fes. Naman ne bai yi ba?"

"Haƙori ke damuna."

"A sa kanumfari," in ji Jaji, idonsa na bango.

"To, Baffa."

Haushi ya cika Hammadu fal. Kwana huɗu a taɓo, yini guda da yunwa, a ƙarshe ya zama mai gashin Datti! Yana cikin wannan ƙunci ya ga maƙogwaron tsohon ya hau ya sauka. Ya saci kallon ƙafafunsa, ƙura har idon sawu. Daga ruga ya tako, babu wani cin da ya yi a gida. Nan take dabara ta faɗo masa: in ya fita, tsohon zai samu sarari ya ci, tsoho kuwa ba ya daɗewa ya ƙoshi ya tashi. Ko minti goma suka rage masa, wallahi sai ya ba Mudassiru mamaki.

"Bari in duba babur, kamar ban kulle ba."

Ya fita ta ƙofar baya ya raɓe jikin tarin kwandunan tumatir. Hayaƙin gashi na fitowa ta taga yana bi ta kansa, yana jin dariyar mutane da ƙarar faranti. Ya daure, ya daure, har ya ƙiyasta ko wane irin tsoho ne ya isa ya ƙoshi. Sai ya zagayo ta gaba don ya ga fitarsa.

Ga Jaji tsaye ƙarƙashin darbejiya, ya dogara sanda. Leɓensa a bushe ƙamas, babu alamar maiƙo. Ashe yana ganin Hammadu ya fita ya ce zai sabunta alwala, ya bi ƙofar gaba, don yaron ya dawo ya ci.

Kowa ya sunkuyar da kai.

"Baffa, har an fito?"

"Iska na zo sha. Babur lafiya?"

"Lafiya lau."

Suka tsaya. Wannan ba zai ce wa wancan shiga ba, wancan ba zai fara shiga ba. Suna nan tsaye Mudassiru ya buga tire a ciki, ƙwal ƙwal ƙwal, lokaci ya cika. Datti ya fito yana tafe kamar mai tsohon ciki, yana sakace, ya ce, "Haba, kun bar ni da tire uku ni kaɗai. Na sha wahala wallahi." Ba don idon suruki ba, da a kanal ɗin da suka yashe Datti zai yi la'asar.

Dole Hammadu ya goya tsohon a babur. Hanya ta yi tsawo, cikin wani ya yi ƙugi, ba a san na wa ba. Da suka kai mararrabar Bunkure Jaji ya taɓa kafaɗarsa ya ce a tsaya. Ya je wurin mai balangu ya dawo da ƙunshi biyu, ya miƙa ɗaya.

"Ka kai wa mutan gida. Ni zan yanke ta gonaki, ya fi kusa."

Bai fi kusa ba, kowa ya sani. Ya yi taku kaɗan, ya ce ba tare da ya juyo ba, "In ya huce ba ya daɗi."

Hammadu ya tura babur gefen kanal ya zauna, ƙunshin na ɗumama masa tafin hannu. Da ya ɗaga kai sai ya hango tsohon can nesa, bayan gonar albasa, ya zauna a kan kunya ya ba shi baya, gwiwar hannunsa na hawa tana sauka. Hammadu ya gyara zama, shi ma ya juya masa baya, ya warware takardar.