Takardar da Umma Ta Cike

—kuma ba a ɗibar jini! Abin da nake ta so in gaya miki ke nan, Yaya, tun zuwana na farko. Na ƙi karyawa, na zo da ciki fayau, likitar ta kalle ni ta ce wa ya aike ka? Ba allura, ba hoton kai. Hira ce kawai. Amma wace irin hira! Wallahi kamar ta shekara biyu laɓe a shagonmu na gyaran waya tana kallona.

Kana fara aiki ka bari ka kama wani? Ni fa? Ni da waya bakwai ke kwance a teburina, kowacce hanjinta a waje! Kana yawan ɓatar da kaya? Sukundireba na maƙale a bayan kunnena ina zargin kowa da sata. Kana katse mutane in suna magana? Ban ma bari ta ƙarasa tambayar ba.

Abin yana da suna, Yaya. Suna! ADHD. Wai hankali ne ba ya tsayawa inda ka ajiye shi, sai inda ya ga dama. Shi ya sa zan yi awa biyar a kan waya ɗaya ko ruwa ban kurɓa ba, amma a ce in kira mai ita in ce an gama... kwana uku. Ba iskanci ba ne. Ba lalaci ba ne. To, watakila. Ta ce watakila, in daina tsalle tukuna. Sai ta tabbatar ba rashin barci ba ne ko damuwa, sai ta ga ba a shago kaɗai ba har a gida, kuma tun kafin in kai shekara sha biyu nake haka. Shi ne ta ba ni takarda biyu. Ɗaya tawa, ɗaya ta wanda ya san yarintata.

Umma mana. Wa ya kai ta sanina?

Yau muka koma asibitin. Lambata a layi sha huɗu. An kira sha ɗaya. Ga Umma a gefena a kan benci, ga ambulan ɗinta a cinyata — fankar nan tana ƙara, ƙusa ɗaya ce ta kwance, da za su ba ni minti biyu — ina nake? Ambulan. Likita ba ta ce kar in buɗe ba ai. Ta ce? Na dai buɗe.

Bai taɓa ba.
Bai taɓa ba.
Bai taɓa ba...

Daga sama har ƙasa. Yana kasa zama wuri ɗaya? Bai taɓa ba. Ni! Ni da malamin aji uku ya ɗauke bencina ya jingina da allo, ya ce ko tsutsa ta fi ni natsuwa. Jakar makaranta uku na bari a mota, ke kika bi ta ukun da gudu, kin tuna? Ga maigidana na shago jiya, bai ko ɗago kai ba ya ce, kai lafiyarka ƙalau, raini ne kawai. In likita ta karanta wannan, maganarsa ta tabbata ke nan. Na koma marainin wayo. Na koma abin da kowa ke cewa tun ina —

"Umma, mene ne haka?"

"To so kake in tona maka asiri gaban baƙuwa? Kuma wannan har ciwo ne? Kowa ma haka yake. Wa ke gama abu kafin ya kama wani? Kai, ka ga tabarauna?"

Yana kanta. Tabarau yana kanta, Yaya.

Sha biyu.

Kowa ma haka yake... Kowa wa? Tsaya. Tukwane nawa suka ƙone a gidanmu? Riga uku a kan keken ɗinki, kowacce hannu ɗaya. Makullin gida a cikin firij. Umma ta shiga ɗaki ta tsaya a tsakiya, me ma na zo ɗauka? Mu kwashe da dariya, Baba ya girgiza kai, uwarku dai sai addu'a. Shekara talatin sai addu'a. Ita ma ta yi dariyar, amma kin taɓa kallon fuskarta bayan an gama?

Na juya takardar. Akwai shafi na biyu ashe! Tambaya shida, fari fat, ba ta ma gan su ba. A gefe da rubutunta: sabulu, zare baƙi, batir, kira ƙanwar Baba. Kan takardar likita!

Sha uku.

Biro na aljihuna. In gyara? Minti ɗaya ne, in mayar da duk bai taɓa ba zuwa kullum, wa zai sani? A'a... a'a, in na taɓa, listar sabulun fa? Ita ce ma ta fi duk amsoshin faɗin gaskiya. Amma gaskiyar wa? Ni na zo a duba. Ni kaɗai ke da lamba.

Bencin nan rawa yake, ni da Umma ne kawai a kansa. Na dafe gwiwata da hannu biyu, na tsayar da ita cak.

Bai daina ba, Yaya. Bencin bai daina ba...

Sha huɗu.