Wutar da ke Tserewa daga Injin Malam

Injin jirgin ruwan da maigidana ya bari ya girmi Autana. Tun da Malam ya rasu, Auta ke haye da mutane da shi, ni kuwa daga tsakar gida nake gane ƙararsa cikin ƙarar jiragen duk gaɓar. In na ji ta, sai in ji kamar mai shi ne ke dawowa.

To, sai injin ya ɗauki wani hali. A bakin gaɓa lafiya lau, amma da an kai tsakiyar ruwa sai ya fara tari yana yankewa, mata na salati. Fasinjoji suka fara guje wa jirgin. Auta ya kai shi shagon baffansa, ƙanin Malam, wanda bakanike ne. An sake filogi, an wanke kafireto, an zubar da fetur an zuba sabo. Duk a banza.

Wata rana da hantsi aka ce mini Auta ya kira mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ko mayafi ban gyara ba na nufi shagon.

Na tarar an ɗaure injin a bakin duro cike da ruwa, yana aiki sumul, mai ƙarafa na tsaye da ma'auninsa.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji Auta. "Ba zan kashe mutane a ruwa ba."

"Matar yaya, ke ma gyara kika zo yi?" in ji Baffa.

"Na zo in ga wanda tsohon ƙarfe ya kayar ne. Kai da ko rigarka ba ka iya wankewa."

"Ji shi da kunnenki! A nan ko tari ba ya yi. Munafuki ne, sai ya ga ba na nan."

"Ai a nan babu mai jiƙa shi," na ce, don dai in rama.

Baffa ya tsaya da sifana a hannu, ya dube ni, ya dubi injin. Sai ya ce a rufe ƙofa, a toshe taga da buhuna. Mai ƙarafa ya ce shi fa sauri yake, amma bai fita ba.

Baffa ya cire murfin injin, ya ce kowa ya ja baya, ni kuma in kama gefen zanena kada ƙarfen da ke juyawa a sama ya fizge shi. Aka ja ƙofa. Rana tsaka, amma ko tafin hannuna ba na gani. Sai ƙara da warin hayaƙi.

Na ji Baffa ya kurɓi ruwa a moɗa, ya fesa wa injin da baki, fuuu, yadda mai guga ke yi wa riga.

Jama'a, ban taɓa ganin irin wannan ba. Wata 'yar wuta shuɗiya, siririya kamar zaren ɗinki, ta fito daga jikin waya ta yi tsalle ta faɗa kan ƙarfe. Tas! Injin ya yi tari. Wata ta sake fitowa, ta yi rassa kamar saiwa, ta ɓace. Tas! Ya sake tari. Walƙiya ce sak, irin ta sama, amma ƙarama, a gabana, har ina ganin haƙoran Baffa cikin haskenta.

"Allahu akbar," in ji mai ƙarafa can ƙasa-ƙasa.

"Wayar filogi ce ta tsufa ta tsage," Baffa ya ɗaga murya. "In ta jiƙe, wutar sai ta bi ruwa ta gudu, ba ta isa inda za ta kunna fetur. Ga shi nan, duk tsalle ɗaya, tari ɗaya."

Ashe duk shekarun nan abin da Malam ke zaune kusa da shi ke nan, hannunsa a kai, yana hira da fasinja. Walƙiya a cikin waya, a tsakiyar ruwa, tana tafiya inda aka ce ta je.

Hayaƙi ya fara cin ido, aka kashe, aka buɗe ƙofa. Duk muka fito muna tari muna share hawaye. Baffa ya lanƙwasa wayar a hasken rana, sai ga tsagar, ko gashin kai ya fi ta kauri.

"Baffa, wannan ce kawai?" in ji Auta.

"Ita ce. In sa sabuwa, mu kai shi tsakiyar ruwa, ka watsa masa bokiti in kana so."

Auta ya juya wajen mai ƙarafa ya ba shi haƙuri, ya ce babu ciniki. Mutumin ya rataya ma'auninsa, ya kai bakin hanya, sai ya dawo yana sosa ƙeya.

"Maigida," ya ce wa Baffa, "kafin ka cire tsohuwar, don Allah a sake rufe ƙofar nan."

Ni na fara komawa ciki.