Kwado Takwas a Gangaren Ɗorawa

Haladu magini ne ɗan magini, a Gangaren Ɗorawa, wani ƙauye a ƙasar Roni. A daminar 1976 ruwa ya cinye gidaje takwas na bakin rafi, masu gidajen suka koma kwana a rumfunan kasuwa.

Da kaka ta yi sai ga motar wata kwaleji ta sauke ɗalibai goma sha huɗu masu koyon zanen gine-gine, tare da malaminsu, Malam Falalu. Suka ce sun zo su gina wa mutanen nan gidaje da hannunsu, da ƙasar garin. Haladu ya dubi tafukan hannayensu, ya ga ko fartanya ba su taɓa riƙewa ba. Amma suka ba shi kunya. Suka kwaɓa ƙasa da ƙafa, suka yi tubali har bayansu ya sage. Ya koya musu jera azara, su kuma suka nuna masa yadda ake ɗaga harsashin gini da dutse don kada ruwa ya sake ci. Kafin su zana gidan Inno, tsohuwar da mijinta ya rasu, sai da suka durƙusa suka tambaye ta inda take son murhunta da turken awakinta.

Wata huɗu aka gama, ɗalibai suka koma makaranta. Kwana biyu da tafiyarsu wani jami'i, Alhaji Muhammadu Lawal, ya iso cikin farar Fijo da kwado takwas a leda. Ya kulle ƙofofin duka, ya ce wani babban baƙo zai zo buɗe gidajen, kada kowa ya shiga sai an yanke ƙyalle. Mako biyu kawai, in ji shi.

Mako biyu ya zama wata uku. Sau uku Haladu yana hawan keke zuwa Kazaure, ana ce masa Alhaji yana Legas. A na huɗu ya same shi a ofis, ya cire takalmi ya gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, gidan ƙasa ba ya zama ba mutum a ciki. Sai ana share indararo, ana toshe tsaga. Ga hadari ya fara haɗuwa."

Alhaji bai ko ɗago kai ba. Ya ce ya san halin mutanen ƙauye, in aka bar su suka shiga, kafin a ɗauki hoto sun ɓata bangon da hayaƙi.

Haladu ya tuƙo kekensa gida maganar tana cin sa kamar barkono a ido. Bangon da Inno ta ɗebo wa ruwa da tulu a ka, shi ne hayaƙinta zai ɓata.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Laraba. Tsuntsaye sun yi sheƙa a indararon gidan da aka ware wa Halliru mai gyaran kekuna, ruwa ya kwanta a kan soro, rufin ya rufta. A kasuwa kuwa Inno ta wayi gari a kan jiƙaƙƙiyar tabarma, tana tari.

Haladu ya ɗauki guduma. Mai unguwa ya bi shi yana ba shi haƙuri, yana tuna masa cewa hukuma ba abar wasa ba ce. Bai waiwaya ba. Ya bi ƙofa bakwai ɗin da suka rage ɗaya bayan ɗaya, kowane kwado bugu biyu. Sannan ya je ya kamo hannun Inno har cikin tsakar gidanta.

"Hura wuta, Inno," ya ce. "Ki sa ɗanyen ice."

Washegari 'yan sanda suka tafi da shi Kazaure. Kwana shida ya yi a tsare kafin Malam Falalu ya zo ya karɓi belinsa, yana cewa wasiƙa tara ya rubuta wa hukuma kan buɗe gidajen ba a amsa ko ɗaya ba. Babu wanda ya sake zuwa korar mutanen, babban baƙon kuma bai taɓa zuwa ba. Halliru dai ya kwashe iyalinsa ya koma Babura, bai dawo ba.

Da shekara ta zagayo Malam Falalu ya aiko yana neman izinin kawo sababbin ɗalibai. Haladu ya ce su zo, amma bisa sharaɗi: mai gida zai shigar da tabarmarsa tun kafin a kafa ƙyaure, kuma duk wanda ya zo da takardar gayyatar wani babba, shi da kansa zai raka shi bakin titi.