Wandon Baban Amarya

Rigar ba ta ba mu wahala ba. Ronita ce ta zaɓo wa babanta ita a kasuwar garinmu Labasa, kurta, doguwar rigarmu ta maza, mai ruwan madara da aikin zare a wuya. Wando ne ya tsaya mana a maƙoshi, ga bikinta ya ƙarato.

Tela Jamnadas ya aiko da guda biyu a gwada. Ɗaya mai faɗin ƙafa ne, har yana sharar ƙasa. Ɗayan curidar ne, tsukakke, dogo kamar ba na mutum ba, don sai an tattara tsawonsa a idon sawu yake yin kyau. Na rataye su a igiyar baranda. Iskar gonar rake ta shige su, suka yini suna tafiya ba kowa a ciki.

"Mai faɗin zan sa," in ji mai gidana daga kan kujerarsa. "In ma zan shiga rumfar auren ke nan. Bisun ƙanena ne, hannunsa hannuna ne. Shi ya miƙa ta ga ango."

"Bisun? Wanda in ya zauna gaban kwanon yangona, jiƙon saiwar nan mai kashe jiki, sai an tuna masa sunan matarsa?"

Bai yi dariya ba. Tun bara da ciwon suga ya cinye masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa, ko bakin titi ba ya fita. Ƙafar roba tana tafiya da shi lafiya lau, kunya ce ba ta barinsa. Kuma ba a shiga rumfar aure da takalmi. Abin da ke cin sa ke nan: dangin ango su zo tun daga garin Nausori, su zauna suna kallon yatsun roba. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai. 'Ya ɗaya tilo muka haifa, a ce wani ne zai ɗora hannunta a hannun mijinta, ubanta yana bayan taro a ɓoye cikin yadi?

Rana ta take, zafi ya sauko, ya kwance ƙafar ya jingine ta da bango, ya lumshe ido. Kullum haka yake yi.

"Ta tafi gona," ya ce a hankali.

"Wa?"

"Ta hagun. Ga ta nan ta tsallake layin jirgin ƙasa mai ɗaukar rake. Raɓa ba ta bushe ba, Maman Ronita. Laka tana shiga tsakanin yatsuna, sanyi ƙalau. Yanzu ta taka ganyen da aka ƙone, tokar da ɗumi."

"To ka ce mata in za ta dawo ta tsinko min kuɓewa."

Ya yi murmushi, barci ya kwashe shi. Na zauna ina kallon wandunan nan suna lilo, ban san lokacin da ni ma na tafi tawa gonar ba.

Ranar aurenmu ban ga fuskarsa ba. Mayafi ya rufe ni har haɓa, goggona tana danne min kai. Abin da na gani kawai ƙasa ce, da hayaƙin wutar ɗaurin aure, da ƙafafu biyu cikin farin curidar, an tattara shi zobe a kan zobe kamar awarwaro. Ƙafafun suna zaga wuta ina bin su. Babban yatsan hagu yana da tabon adda. Na ce a raina, ko mummuna ne mai ƙafafun nan, na yarda. Da aka ɗaga mayafin na ga kunnuwan nan nasa kamar faifai, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Kukan wani tsuntsu a kan mangwaro ya dawo da ni. Na tashi, na sauke curidar daga igiya, na ɗauko ƙafar robar na ɗora a cinya.

Wayyo, aiki! Mai sa curidar miƙe yatsu yake yi dunduniya ta wuce, ita kuwa wannan ba ta san lanƙwasa ba. Na tura, ta ƙi. Na zage ta, na zagi Jamnadas da kakansa. Sai na tuna dabarar uwata: na juye burodi a faranti, na sa wa ƙafar ledar kamar safa, na ja. Ɗinki ya yi ƙara, na riƙe numfashi, sai sulluɓ, ta wuce. Na zare ledar, na shiga jera zobban da yatsa, ɗaya bisa ɗaya, ina lallashin su.

"Me kike yi wa ƙafata?"

Ya farka yana kallona.

"Taka ta tafi gona. Wannan tawa ce, ni nake wanke ta."

"Ke dai ba kya jin magana. Wannan wandon tona asiri yake yi. Har ƙusar idon sawun za a gani."

"Asirin me? Duk Labasa wa bai kai maka ayaba asibiti ba?"

Muna cikin haka Ronita ta fito daga ɗaki, hannuwanta rawaya da kurkum ɗin da ƙawayenta suka fara shafa mata da wasa. Ta tsaya ta dubi ƙafar a cinyata, sanye da wando, ta dubi babanta. Na san ta ji komai, bangon gidanmu kwano ne.

"Baba," ta ce, "in Baffa Bisun ne zai miƙa ni, ba komai, ba zan yi musu ba. Amma in zan shiga mota, ƙafar wa zan taɓa in nemi albarka? Tasa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kuma in ka sa wancan buhun, sai na yi ta lalube cikin yadi ina neman ka, mutane suna jira."

Ta koma ciki. Ya daɗe yana kallon wando mai faɗin da ya rage shi kaɗai a igiya. Can ya miƙo hannu.

"Zobban sun yi yawa a ƙasa. Ba haka ake yi ba. Kawo nan."

Ranar biki ya cire takalmansa a bakin rumfa da kansa. An kalla, ba zan yi ƙarya ba. Wata tsohuwa daga dangin ango har da gyara tabarau. Na harare ta sai da ta koma kallon ganyen ayaba. Ya zauna a 'yar kujera gaban wuta, ya ɗora hannun 'yarsa a hannun ango.

Da la'asar mota ta tsaya a ƙofa, mata suka fara kuka. Ronita ta rungume ni, sannan ta durƙusa gaban babanta. Ta taɓa ƙafar dama. Ta juya ga ta hagu ta kama ta da hannu biyu, ta kifa goshinta a kan yatsun robar, ta daɗe a haka har zobban wandon suka jiƙe. Da ƙyar aka ɗaga ta.

Motar ta bi ta tsakanin rake, ƙura ta kwanta. Mutane suka koma wajen tukwane. Shi yana tsaye inda ta bar shi, bai motsa ba.

"Zo ka zauna," na ce, "ka gaji."

"Dakata, Maman Ronita." Idonsa a rufe, yana magana kamar mai tsoron kada ya tashi wani daga barci. "Ta dawo daga gona. Goshin yarinyar nan da zafi. Har yanzu ina jin sa."