Sawun Ashiru a Kan Siminti

Sau biyu ɗana Ashiru yana zuwa ɗibar soja, sau biyu ana dawo mini da shi. Na farko ya ce ƙirjinsa ne bai cika awo ba. Na yarda, domin shekarar ce uwarsa ta rasu, babu mai cin abincin kirki a gidan. Na biyu ya ce tafin ƙafarsa ne. Wai an sa su taka ruwa su taka siminti, aka ga nasa sawun a baje kamar na agwagwa, babu kwarmin nan na tsakiya. Soja ba sa ɗaukar mai irin wannan ƙafa, sun ce ba ta jure doguwar tafiya.

Saura ɗiba ɗaya, ta 1987. In ta wuce shi, shekarunsa sun haura ke nan.

Kada a ɗauka son bindiga nake yi. Tarihi na koyar a sakandare har na yi ritaya, na san abin da masu kaki suke yi wa ƙasa in ta faɗa hannunsu. Amma na kuma san abin da ake yi wa wanda ba shi da kowa a cikin kaki. A unguwarmu Makera ta Kaduna a lokacin, masaƙu sai sallamar ma'aikata suke yi, masu satifiket suna zaune a gindin dalbejiya suna musu a kan ƙwallo. Kurtu kuwa yana da albashi da ɗaki da asibiti, kuma ba a sa ubansa tsallen kwaɗo a layin bas.

Da farko masu ɗibar na zarga. Daga baya zargina ya koma kan Saje Shekari.

Shekari tsohon soja ne, mutumin kudancin Kaduna, ya yi yaƙin basasa ya dawo da fansho da kunne ɗaya da ba ya ji. Duk shekara in ɗiba ta gabato, sai ya tara samarin unguwa a wani fili bayan kasuwar Kakuri ya riƙa sa su gudu da safe, ba ya karɓar komai a hannun kowa. Ni ban taɓa sakin jiki da mai yin abu kyauta ba. Don haka wata safiya na je na tsaya a gefen filin.

"Malam Barau! Kai ma shiga za ka yi? Ka makara kaɗan."

"Kallo na zo, Saje. Ina sauran?"

"Su ke nan." Ya nuna 'yan samarin da suke zagaya filin, ba su kai su cika bas ba. "Da, wallahi, sai na raba su gida uku. Yanzu wanda yake so bai isa ba, wanda ya isa ba ya so. Dubi wancan, garin kwaki safe da rana, ƙirji kamar katakon wanki. Wancan kuwa dubi idonsa, ka san abin da yake sha. Majiya ƙarfin duk suna Rido suna neman aikin kwangila a matatar mai. Kuma tun da aka harbe hafsoshin nan bara a kan zargin juyin mulki, iyaye mata suka fara ɓoye 'ya'yansu kamar kaji ranar Kirsimeti."

Da aka gama gudu na ga ya ja ɗan ƙanensa, Monday, gefe guda. Monday dogo ne mai faɗin kafaɗa, tun yana ƙarami yake sara wa duk wanda ya gani da kaki, har masu gadin banki. Matsalarsa ƙafa. Na ga Shekari yana koya masa yadda zai ɗan naɗe yatsu, ya jingina nauyinsa a gefen ƙafa na waje, don sawun ya fito da kwarmi.

To, ga ta nan, na ce a raina. Nasa yake koya wa dabara, nawa kuwa a bar shi yana gudu kamar doki.

"Saje, me ya sa ba ka koya wa Ashiru wannan ba?"

Ya juyo mini kunnen da ba ya ji. Na zagaya ɗaya ɓangaren na sake tambaya.

"Ɗanka ba ya bukata, Malam," ya ce, ya hura usur ɗinsa ya bar ni a tsaye.

Na ɗauki maganar a matsayin raini, na yi kwanaki ina juya ta.

Silifas ne ya tona asiri. Wata safiya na Ashiru ya tsinke a bayi, ya fito daga wanka ba takalmi ya ratsa tsakar gida zuwa ɗakinsa. Ina zaune da shayi da rediyo. Ba da niyya na dubi ƙasa ba. Ga diddige, ga siririn layi a gefe, ga gaban ƙafa da yatsu, tsakiya kuwa siminti a bushe. Kwarmin da za ka ajiye ƙwai a ciki. Na zauna ina kallon sawun har rana ta shanye shi, shayina ya huce.

Ban ce masa komai ba. Wanda ya yi shekaru a gaban allo ya san ba a tambayar maƙaryaci da wuri, domin lokaci kawai kake ba shi ya gyara ƙaryar. Sai na fara lura. Akwai 'yan tabon ƙuna a damtsensa, ƙanana kamar cizon sauro. Da yamma idanunsa jajir suna hawaye. Na zargi wiwi, na binciki aljihunansa da ƙarƙashin katifa, ban sami komai ba sai wani ɓallin baƙin gilashi.

Rannan na bi shi. Da ya tashi daga wurin Shekari bai nufo gida ba, bas ya hau. Na hau ta bayanta, ina jin kaina kamar ɗan sandan ciki da ya tsufa a banza. A hanyar Kamazou ya sauka, ya shiga wata rumfar masu walda. Daga bayan wata tifa da ta lalace na tsaya ina kallo. Ya kare idonsa da baƙin gilashin nan, ya durƙusa a kan wata ƙofar ƙarfe, tartsatsi yana tashi. Maigidan rumfar ya faɗi wani abu, Ashiru ya yi dariya har da buga cinya. Rabon da in ji wannan dariyar tun uwarsa Rakiya tana da rai. A gidana ya daina yin ta, ya kawo ta rumfar kwano a bakin titi.

Na koma gida na jira ranar ɗiba. So nake in gani da idona, kada a ce tsoho ne ya fara ruɗewa.

A filin wata makaranta aka yi ta. An ja igiya, iyaye da 'yan kallo a baya, samari a ciki daga su sai gajeren wando. Na saje cikin mutane. Shekari yana can gaba ya riƙe igiyar da hannu biyu, na matsa har na tsaya a ɓangaren kunnensa mai ji. Da ya gan ni sai fuskarsa ta sauya.

Aka fara zubar da su. Wannan gajere, wannan gwame, wannan ya faɗi a gudu yana amai. Wani an ce ya karanta haruffa a allo daga nesa, ya tsaya yana ƙifta ido. Kafin rana ta take, layin ya koma kamar na masu jiran allura. Ashiru ya wuce tsawo, ya wuce ƙirji har igiyar awon ta kusa ƙarewa, a gudu kuwa sai ƙurarsa suka gani. Ina jin ƙafafunsa ne suka ci amanarsa, suka manta da abin da aka shirya.

Sai aka zo wurin ruwa. Daro ɗaya, barandar aji mai daɓen siminti, da wani kofur mai sanda a hammata.

Monday ya taka, ya naɗe yatsu yadda aka koya masa. Kofur bai ko dubi sawun ba. Ya ɗora hannu a kafaɗarsa ya danna ƙasa, ƙafar ta baje.

"Naka tsohon yayi ne, abokina. Fita."

"Oga, abeg, zan iya tafiya har Zariya a ƙasa! Gwada ni!"

"Ka tafi, amma ba da kakinmu ba."

Monday ya fito ta ƙarƙashin igiya ya zauna a ƙasa, ƙaton mutum yana kuka ba sauti. Shekari bai dube shi ba. Idonsa yana kan ɗana.

Ashiru ya taka ruwa. Na ga ya ɗan saki gwiwoyi, ya karkata idon sawunsa ciki, ya danne. Da ya ɗaga, sawu ya fito a baje. Aikin da aka koya da kyau ne, ba na rana ɗaya ba.

Kofur ya dubi simintin, ya dubi yaron. "Ba kai ne ka zo na ɗaya a gudu ba? Ɗaga ƙafa." Ya kama ƙafar kamar mai duba dokin sayarwa, ya cusa babban yatsa a kwarmin. "Wannan fa? Wa kake yi wa wayo?"

Ya kira kyaftin ɗin da yake shugabantar ɗibar, wani matashi mai gajiya a fuska. Kyaftin ya saurara, sannan ya ce da Ashiru, da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Na saba ganin masu ƙarya don su shiga. Mai ƙarya don kada ya shiga, sai bana. Sake takawa. Ka tsaya daidai, ka bi mota zuwa difon horo a Zariya. Ka sake yi mini wasa, ka kwana a gadirum har ka faɗi wanda yake koya muku."

"Malam," in ji Shekari ƙasa-ƙasa, bai juyo ba. "Shi ya roƙe ni in koya masa. Ya ce ba zai iya faɗa maka ba, tun da mamansa ba ta nan da za ta faɗa maka. Ni na ga yaƙi, Malam. Wanda ba ya so, shi ake fara ɗaukowa a bargo."

"Rufe mini baki, Saje."

Abin da nake nema shekara uku ga shi a gabana, kuma ba a bukatar komai daga gare ni sai shiru. Yaro zai tsorata, ya tsaya daidai, ya hau mota.

Ashiru ya juya zai koma wurin daron, idonsa ya faɗo kaina. Ya tsaya kamar an dasa shi. Na ɗauka shi ke nan. Ya sa ƙafa a ruwa, ya fito, yana kallona, ya saki gwiwoyi ya sake dannewa. Sawun ya fito a baje, ya fi na farko.

Kofur ya zaro sandar daga hammata.

Ban san lokacin da na ɗaga igiyar ba. Na dai ji gwiwata ta yi ƙara, na ji wani soja yana cewa, "Baba, koma! Baba!" Na yi amfani da muryar da nake tsayar da aji da ita.

"Ranka ya daɗe, ni ne uban yaron. Ni na tilasta masa zuwa, sau uku ke nan. Ba wasa yake maka ba. Akwai ƙafar da in an ɗaga ta kwarmi ya fito, in an ɗora mata nauyi ta baje. Tambayi likitanku, ya san ta."

Wannan gaskiya ne, na taɓa karantawa. Kyaftin ya dube ni, bai gamsu ba.

"A ina ya samo ta? Kai taka lafiya take, ga yadda ka tsallako."

"Ta uwarsa ce," na ce. "Haka ƙafarta take, Allah Ya jiƙanta. Ko kasuwa ta je sai an gasa mata da ruwan zafi."

Ya dubi Ashiru, ya dube ni. Ba na jin ya yarda. Ina jin dai ya auna wahalar tsare yaro da jayayya da tsoho a kan matacciya, ga rana, ga motar da bai cika ko rabinta ba.

"Amin," ya ce. "Malam, ɗauki kayanka. Kada in sake ganinsa."

Ashiru ya sa rigarsa, muka fito. Shekari ya ɗaga mini hannu, na dubi wani wuri. Muka yi tafiya har bakin titi.

"Baba."

"Me?"

"Ƙafar Inna ba haka take ba."

"Na fi ka sanin ƙafarta. Shekara ashirin da wani abu ban taɓa yi mata ƙarya tana raye ba. Yau ka sa na yi mata tana kabari, a gaban kofur."

Ya sunkuyar da kai. "Walda nake koyo, Baba. A hanyar Kamazou."

"Na sani. Na tsaya a bayan tifa na kalle ka kamar ɓarawo."

"Ka yafe mini?"

"Ba yau ba."

Bas ta tsaya, kwandasta ya leƙo yana dukan ƙofa. "Makera! Mutum ɗaya! Baba, shigo, mutum ɗaya!"

Na shiga na zauna. Ashiru ya kama ƙofa zai maƙale, na ce ya saki, ya taho a ƙasa, tun da ƙafarsa lafiya lau take.