Abin da Na Tsinta a Kwat ɗin Auta

Shekara ashirin da biyu ina wanki da guga a shagon da Baba ya bar mini, kuma dokata ɗaya ce: ba na taɓa kaya sai na laluba aljihu. Na tsinci makullai, na tsinci ƙwayoyin magani, har haƙorin roba na taɓa tsinta. Duk abin da na samu a leda nake sa shi in miƙa wa mai shi, ba karantawa, ba tambaya.

Wata Talata ina tsaka da guga, ma'aikatan kotu biyu suka manna takarda a ƙofata. Wai an yanke hukunci, shagon na wani mai sayar da tayoyi ne, in kwashe kayana cikin kwana goma sha huɗu. Na ce, "Wace shari'a?" Suka ce, "Wadda ka ƙi zuwa."

Na kira ƙanena Auta, mai bokon gidanmu, wanda tun yana ɗan gajeren wando nake wanke masa kaya kyauta. Ya zo yana kumfar baki, muka tafi kotu tare. Magatakarda ya buɗe fayil ba tare da ya ɗago kai ba.

"Sau uku aka kai sammaci gidan mahaifiyarku, sau uku wani ya sa hannu ya karɓa. Mai ƙara ya kawo takardar ciniki, kai ko tari ba ka yi ba. Alƙali ba ya jiran wanda ya yi shiru."

Auta ya bugi tebur. "Ƙarya ne! Yaya, ka bar mini komai, ni zan nemo lauya."

Na bar masa. Kwana tara yana ce mini gobe. Ni kuwa sakarai, har tausayinsa nake ji don na ga ya rame.

A kwana na goma matarsa ta kawo wanki kamar kullum, har da baƙar kwat ɗinsa ta zuwa ofis. Aljihunan wayam, Auta ya san dokata. Kwat ba a jiƙa ta, buroshi ne da tururi. Ina jan dutsen guga a gefenta na ƙasa sai na ji ya yi tuntuɓe. Na duba, ashe aljihun ciki ya huje, wani abu ya zurara cikin shafi. Na farke zare uku na zaro takarda a ninke. Ban yi niyyar karantawa ba, sunana ne ya kalle ni. Sammaci na uku ne.

Na zauna a kan kwandon kaya har dutsen ya huce. Ba shagon ne ya fi ci mini rai ba a lokacin, bugun teburin nan ne.

Da yamma Auta ya biyo karɓar kaya, na shimfiɗa masa takardar a kan teburin guga.

"Yaya, tsaya ka ji..."

"Ina tsaye."

"Takardar shagon da Baba ya bari na ɗauka a akwatin Umma. Na sayar, na sa hannu da sunanka. Na ɗauka zan warware kafin a kai nan. Da ka je kotu, ai ni za a kama."

"Shi ya sa ka raka ni?"

Ya sunkuyar da kai. Ko haƙuri bai ba ni ba, sai cewa ya yi, "Kar Umma ta ji."

Akwai wata lauya da nake goge wa rigar aiki. Ta ce ana iya roƙon kotu ta janye hukuncin, amma sai na rantse a rubuce cewa sammaci bai iso ni ba, in faɗi wanda ya karɓa ya ɓoye. Ta ce daga nan kuma maganar sa hannun jabu ba a hannuna take ba.

Umma ta ji, ban san ta yaya ba. Ta zo shagon da sandarta, abin da ta shekara biyar ba ta yi ba.

"Babba juji ne," in ji ta. "Shago ana sake wani. Ka rufa masa asiri, ka yi shiru."

"Umma, shirun da ban ma san na yi ba shi ya cinye ni. Yanzu kuma in yi na gangan?"

Ta yi kuka, ni ma na yi. Ban taɓa ce mata a'a ba sai ranar.

A kwana na goma sha uku na ɗinke shafin kwat ɗin, na goge ta tas, na maƙala mata lamba kamar ta kowane baƙo, na rataye a layi. Sammacin na sa a leda. Abin da na tsinta mai shi nake ba wa, wannan kuwa sunana ne a kai. Na kulle shago na nufi kotu.