Hannun Hafsatu

Na yi sallama a zauren Malam Sama'ilu har na gaji, ba wanda ya amsa. Da na kutsa kai sai na tarar da wani saurayi ya jingina da bango, ido a rufe, an cusa masa auduga a kunnuwa. Ni ke wankan gawa a ƙauyenmu, na san wanda ake yi wa haka.

"Da ransa, Baba," in ji Malam daga kan tabarma, murya kamar ana jan kara a ƙasa. "Uwaisu ne. Daga kwalejin malamai ta Bici aka turo shi koyon aiki. Na ce ya wuni a haka, ya ɗanɗana zaman Hafsatu."

"Wannan ba abin wasa ba ne. Ba a sa wa mai rai auduga."

"To ka ajiye mini tawa."

Shekarar fari ce. Gero ya bushe a tsaye, maza sun watse ci-rani, gari ya yi tsit, ko daka ba ka ji. Malam maƙwabcina ne, danga ce ta raba mu. A firamaren garin nan ya tsufa, kuma shi kaɗai ya iya zance da Hafsatu, 'yar Muntaka, wadda aka haifa kurma. Maganar hannu suke yi, tasu ta kansu. Da tari ya kwantar da shi, sai ta riƙa zuwa karatu zaure.

A gabana Muntaka ya yanke magana: "Ran da Malam ya rufe ido ta gama boko. Wa zai ji ta? Ta koma kiwon awaki."

Shi ya sa Malam ke gaggawa. Tun hantsi yake lanƙwasa yatsun Uwaisu: ga ruwa, ga yunwa, ga ban gane ba. Yaron na da himma, ba zan zalunce shi ba. Amma da ya ɗaga hannu sai Hafsatu ta juya ta fuskanci bango.

"Malam, ba ta ƙaunata," in ji Uwaisu.

"Yo kana faɗo mata ta baya kamar ɓarawon akuya! Kuma ka daina yi mata ihu, ni kake kashe wa kunne."

Wata Laraba bayan azahar jikin Malam ya tsananta. Muntaka ya ji labari, ya zo tafiya da 'yarsa. A waje rana na ƙuna, amma zauren nan sanyi ne da shi irin na bakin rijiya. Hafsatu ta ƙi tashi. Ta ja gwiwa ta matsa, ta ɗora tafin hannunta a maƙogwaron Malam.

"Me take yi haka?" in ji uban.

"Saurare," Uwaisu ya ce a hankali. "Ta nan take jin karatunsa."

Na sunkuya ina laƙƙana masa kalmar shahada. Leɓensa na motsi, amma mu masu kunne ba abin da muke ji. Ita kaɗai ke ji, tana gyaɗa kai kaɗan-kaɗan.

Can sai ta daina gyaɗa kan. Ta ɗago ta zuba mini ido, ba ƙiftawa. Na tsufa ina rufe idon mamata, ga 'yar yarinya ta riga ni sani.

"Taso mu tafi," in ji Muntaka, ya miƙa mata hannu.

Uwaisu ya durƙusa a gabanta. Ya ɗaga yatsu, ya sauke. Malam bai kai ga koya masa alamar mutuwa ba.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta janye hannunta daga wuyan mamacin, ta ɗora a nasa.

Yaron ya sandare.

"Yi magana, kai!" na daka masa tsawa. "Jiran me kake?"

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. Ta ƙara danna hannun. Ya sake faɗa. Sai ta gyaɗa kai.

Muntaka ya tsaya a bakin ƙofa har na zaci ya manta da kansa. Daga baya ya laluba takalmansa da ƙafa.

"In kun gama, ka rako ta gida," ya ce wa Uwaisu, ya fita.

Na ja mayafi na rufe Malam. A gefe yaron na ta maimaitawa, hannun yarinyar na hawa da sauka a maƙogwaronsa.